Kawu, Mai Wasan da Ba Ya Ƙarasawa

Gari na wayewa Kawu yake shanya kayan wasansa a igiyar tsakar gida: kwat ɗin manya, rigar lebura da ta sha faci. Sai ya kurkure maƙogwaro da ruwan gishiri, ya zauna yana shafa wa gangarsa mai. Matarsa kan ce gangar ta fi ta gata. Shi kuma ya ce ai ganga ba ta mayar da magana.

Dandalinsa bakin kasuwa ne, ko ƙofar ma'aikata lokacin tashi. Ba labule, ba tikiti. Kuma ba ya ƙarasa wasa. Idan zalunci ya kai maƙura a labarin, sai ya dafe ganga, waƙa ta tsaya, ya miƙa wa 'yan kallo kayan wanda aka zalunta. Wanda ya karɓa shi zai shigo ya ƙarasa.

Har yau ana ba da labarin wani magini. Ya faɗo daga bene a wajen aiki, kafin ƙafarsa ta ɗoru an ba wani gurbinsa, ga iyali a gida. Kawu ya ari sandar da maginin yake dogarawa, ya kai wasan gaban ginin. Shugaban ma'aikatan yana tsaye, hannu a aljihu, yana dariya. Ganga ta tsaya. Kawu ya miƙa masa sandar.

"Ranka ya daɗe, ɗingiso ka roƙe ni aiki."

Mutumin ya ce shi bai iya wasa ba. Kawu ya ce magini ma ba a makaranta ya koyi ɗingishi ba. Jama'a suka yi ta ihu har ya karɓa. Ya tako da ƙafa ɗaya, ya yi sallama. Kawu, cikin kwat, ya juya masa baya, kamar yadda shi ya yi wa maginin. Dariya ta ɗauke. Mako bai zagayo ba maginin ya koma aiki, yana tsaron sito.

Ba kullum ake dacewa ba. An taɓa fasa gangar. An taɓa kulle shi.

Yanzu likita ya ce muryar ta ƙare. Kawu, kai ne bakin marasa baki. Kai ne ka hana mu kallo mu wuce. Mun gode, Allah Ya saka.

Ranar da ya yi ban kwana, ya dafe gangar, ya miƙo ta ita kanta. Duk muka sunkuyar da kai. Can sai ga maginin ya ɗingiso.

"Kawu, ban fa iya ba."

"Shugaban naku ma bai iya ɗingishi ba," in ji Kawu, da ragowar muryarsa. "Rataya."

Ya rataya. Saura mu. Kwat da rigar suna nan a igiya.