Mun Kai wa Mama Labarin Mataccen Tauraro

Gari bai gama wayewa ba muka tashi daga Kafanchan, ni da babbar 'yata, muka nufi Fadan Kagoma wajen mahaifiyata, wadda kuɗin cittarta ke tallafa wa karatun yarinyar. Yarinyar ta samu gurbin ƙaro karatun ilimin taurari a ƙasar waje. A gidanmu kuwa ba mai yin doguwar tafiya sai tsohuwa ta ji dalili da kunnenta, ta ɗora masa hannu a ka. Ta riga ta aiko cewa wannan karon ba za ta ɗora ba, karatun ya isa haka.

Direba ya cusa mu huɗu a baya, kuɗin mota ya hau, ramukan hanya kuma suna nan inda na bar su bara. Gefen titi duk citta aka shanya, ƙamshinta har cikin mota. 'Yata ba ta ko kalla ba, bakinta sai motsi yake tana bitar abin da za ta faɗa.

Mun tarar da Mama tana yankan citta. Sai da muka sha gwaten acca ta ajiye wuƙa ta ce, "To, wane irin karatu ne ba ya ƙarewa?"

Yarinya ta gyara zama. Ta ce akwai tauraron da ya mutu ya dunƙule, faɗinsa bai wuce babban gari ba, amma ya fi rana nauyi. Yana zuƙo iskar jikin wani tauraro da suke zagaya juna, tana taruwa kewaye da shi. In ta yi yawa sai ta afka masa, ya ɓalle da haske irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Ya lafa watanni ko shekaru, ya sake. Aikinta shi ne gano abin da ke tsara dawowar. Da Hausa ta faɗi duka, ba ta aro Turanci ko ɗaya ba. Ni dai kaina ya kumbura, ba zan ɓoye ba.

Mama ta ce, "Wanda ake zuƙan, yana gudu?"

"A'a Kaka, yana nan tare da shi."

"Ashe mu ne wannan. Zo nan." Ta goge hannu a zani ta ɗora mata a ka. "Ki je da sunan Yesu. Zuƙa dai kin zuƙe mu, saura mu ga haske."

Da la'asar muka iso gida da ƙullin citta. Abin da na koyo: Mama ba karatun take ƙi ba, so take a gaya mata abin da guminta yake ciyarwa.