Motar da Ta Daina Karɓar Nauyinsa

A shekarun da kuɗin mai ya fara ruɗa gwamnati, aka turo mijina London kwas, ni kuma na biyo shi da keken ɗinkina. Muka kama ɗaki biyu a unguwar Catford, shi kullum yana hawa bas zuwa makarantarsu a Aldwych. Mutum ne ƙato, mai cin tuwo kamar an aiko shi, kuma ba ya iya ganin ƙarfe ya wuce. Ba mu cika wata uku ba ya shigo mana layi da wata tsohuwar motar Amurka, baƙa, mai dogon hanci, wadda ƙugin injinta ya sa maƙwabta ɗaga labule. Sitiyarinta a hagu yake. Ya ce ai daidai ke nan, tunda gida an koma tuƙi ta dama, in ya gama karatu a jirgin ruwa zai saka ta.

Ni tun ranar farko na tsane ta. A miƙaƙƙiyar hanya ba ta da laifi, amma da an zo shataletale sai ta kwanta gefe guda kamar kwalekwale, cikina ya juya. Sau biyu na yi amai a jakata. Ya rantse zai gyara mata ƙafa har ta riƙa shan kwana kamar ƙananan motocin Turawa.

Ya yi hayar wani gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa. Ko da rana tsaka duhu ne a ciki, ruwa na ɗiga daga rufin, in jirgi ya wuce ta sama sai duk sifanonin da ke rataye su kama rawa. Can muke wuni ranar Asabar. Ya canza shakazoba huɗu, ya sa sifirin masu tauri, ya cire ruɓaɓɓun robobi, ya ɗaura wani sandan ƙarfe mai kauri a gaba wanda ya ce shi zai hana ta kwanciya.

Aikina ɗaya ne. Ya ce ba a daidaita mota babu direba a ciki, don haka sai ya shiga ya zauna, ni kuma in durƙusa da tef ɗin ɗinkina in auna daga ƙasa zuwa bakin ƙarfen da ke saman kowace taya. Da ya zauna sai motar ta yi wani ɗan nishi, ƙiiii, ta sunkuya ta ɓangarensa. Sai ya fito ya cusa ɗan faifan ƙarfe a ƙarƙashin sifirin, ya koma, in sake aunawa, har hagu da dama suka zo ɗaya. Kuma gaskiya ta gyaru, har na daina tafiya da ledar amai.

Da sanyi ya shigo na lura yana barin tuwo a kwano. Na rage masa ƙugun wando, bayan ɗan lokaci na sake ragewa. Na tambaye shi, ya ce karatu ne da abincin Turawa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce ya je asibiti, ya ce in daina masa fatan ciwo. Tsoro ya kama ni sosai, ga shi ba ni da uwa ko yaya a garin da zan kai wa ƙara.

Sai motar ta fara karkata. Ya ce tana ja gefe, mu koma gareji. Ya shiga, na auna, ɓangarensa ya fi ɗaya gefen tsawo. Ya ɗora wa sifirin laifi, ya zare faifan da ya sa. Bayan 'yan makonni muka dawo, ta sake ɗagawa. Nishin nan ma ya ragu, sai na kasa kunne kafin in ji shi. Na fara jin ƙyamar taɓa ta. In na shiga garejin sai in ga kamar fitilunta biyu ni suke kallo.

Wata Asabar da hantsi na auna ta babu kowa a ciki, kamar yadda muka saba farawa, na riƙe wurin da farce. Ya buɗe ƙofa ya shiga ya rufe. Ban ji komai ba. Na ɗora tef, ya tsaya daidai inda farcena yake. Na ɗaga kai, ga shi nan ta gilashi cikin babbar kwat ɗinsa, hannu biyu a kan sitiyari, motar kuwa tana tsaye kamar ba kowa a cikinta. Jirgi ya wuce ta sama, na jira ya gama wucewa na sake aunawa.

Ya sauke gilashi ya ce, "Me kika samu?"

Na ce, "Malam, fito daga motar nan. Don Allah ka fito."

"Ba ta motsa ba ko?"

Ya fito a hankali yana dafa ƙofa, ya ce, "Na je hospital ɗin da kike ta faɗa. Tun last month. Sun yi test, sun gaya mini abin da suka gani."

Na ce, "Shi ne ka bar ni ina ta rage wando?"

Ya miƙo hannu ya karɓi tef ɗin, ya ce, "Shiga ki zauna."

"Ni? Ni da ban san tuƙi ba?"

"Ki dai zauna. Gara a daidaita ta da ke tun ina iya riƙe sifana."

Na shiga na zauna. Kujerar babu ɗumin mutum ko kaɗan, alhali yanzu ya tashi daga kanta. Motar ta sunkuya a ƙarƙashina. Shi kuma ya durƙusa a ƙasa mai laima yana aunawa, ya ce in zauna daidai, in daina kuka, ina girgiza masa mota.

A Kano na koyi tuƙi, da motar nan, bayan na fita takaba.