Zuliha da haddar da ta ƙi karɓa

Taubashiyata Zuliha 'yar sanda ce, kuma har gobe danginmu na Minjibir ba su gama mamaki ba. Yarinyar da idan zakara ya kalle ta sai ta haye katanga, wai ita ce yau da kaki. Ni na tsaya a aji biyu na sakandare na kama tuƙin Adaidaita, ita ta wuce gaba. Nakan gaya mata ni na bar mata karatun don tausayi.

An sa ta a sashen mata da yara. Aikinta ɗaukar bayani daga bakin yaran da aka ci zarafinsu. Na ɗauka rubutu ne kawai, ashe abin yana da ƙa'idoji da suka fi na alwala yawa. Ba ta zuwa da kaki, sai atamfa da hijabi. Ba a kawo wanda ake zargi kusa da wurin. Ba ta cewa yaro "wane ne ya yi maka ko?" domin yaranmu idan babba ya tambaya, "i" ce amsar, ko da cewa aka yi kai ka ɗauke dutsen Dala. Kuma abin da yaro ya faɗa shi take rubutawa, da kalmominsa, ko sun karkace.

Wata Asabar bayan girbin gero ta ɗauke ni shata zuwa wani ƙauye. Ba zan faɗi sunansa ba, na mutanen ma haka, don ta ce idan na yi za ta rufe ni da Adaidaitar gaba ɗaya. Yarinya ce 'yar shekara tara, wani mutumin ƙauyen da ke gaba ya cuce ta, an kama shi, an kuma kai ta asibiti. Saura bayaninta. Aka ba su aji guda a firamare tunda babu ɗalibai, aka bar ƙofa a buɗe. Ni aka kore ni can gindin darbejiya, inda nake hango su amma ba na jin komai.

Zuliha ta shimfiɗa tabarma ta zauna a ƙasa, uwar yarinyar na gefe. Yarinyar ta tanƙwashe ƙafa ta fara magana, tana lilo gaba da baya, idonta a bango. Ban daɗe da gyara zama ba sai ga Zuliha ta fito tare da uwar, ta bar yarinyar da goggonta da ta rako su, da ƙullin gyaɗa.

Sun nufo inuwar da nake. Zuliha ta ce, "Dallatu, matsa." Na matsa kamar taku ɗaya da rabi, don kunnena baiwa ce daga Allah.

Ta ce wa matar, "Yaya, yarinyar nan hadda take ba ni. Kin ga yadda take lilo? Da na katse ta, sai ta koma farko kamar mai biya allo. Wa ya biya mata?"

Matar ta ce, "Babu kowa."

"Ta ce a hanyar makarantar allo abin ya faru. Ranar kuwa Alhamis ce. Lauyan mutumin nan ba ya buƙatar boko mai zurfi kafin ya san babu karatu ran Alhamis. Zai tsaya gaban alƙali ya ce yarinya maƙaryaciya ce, a sake shi ya dawo yana wucewa ta ƙofar gidanku."

Matar ta durƙushe ta rufe fuska da mayafi. Ashe ita ta aiki yarinyar niƙa ƙauyen gaba ita kaɗai, alhali maigidan ya hana da babbar murya. Ta ce idan ya ji, a ranar za ta tattara kwanukanta. Shi ya sa ta zaunar da 'yar tana koya mata abin da za ta ce, har ta iya.

Na zaci Zuliha za ta buɗe mata wuta, don na san bakinta, ya taɓa sa akuya ta yi amai. Sai ta durƙusa ita ma. Ta ce, "Aike ba laifi ba ne a wurin hukuma. Duk garin nan wa bai aiki yaro niƙa ba? Mai laifi yana can a tsare. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, maigidanki zai ji, kuma ban san me zai yi ba. Ni dai haddar nan ba zan rubuta ta ba. Kuma ba zan ce wa yarinya uwarki ta yi ƙarya ba. Ke kaɗai za ki iya kwance ta."

 Daga baya matar ta tashi ta shiga ajin, ta yi wa 'yar magana a kunne, ta fito. Ta ce ta gaya mata, "Faɗi yadda aka yi, ni na aike ki, ba ke kika yi laifi ba."

Zuliha ta tambayi yarinyar wa take so ya zauna da ita, ta zaɓi goggo. Wannan karon babu lilo. Ina hango ta tana tonon tabarma da farce, ta yi magana, ta tsaya, ta ɓare gyaɗa. Zuliha kuwa ba ta gaggauta ta ba. Da suka gama ta karanta mata abin da ta rubuta, yarinyar ta sa aka gyara wuri guda. Me ta faɗa? Na tambaya a hanya, aka ce in kalli titi.

Kafin mu bar garin, uwar ta ce gara mijin ya ji daga bakinta. Zuliha ta raka ta har zaure ta tsaya a bayanta. Bai yi duka ba, bai ɗaga murya ba, amma ya ce ta je gida sai ya neme ta. Ni na kai ta, da ƙullin kayanta a cinya.

Shari'a ta ja watanni. Alƙali ya saurari yarinyar a ofishinsa ba a bainar jama'a ba, kuma abin da ta faɗa ya zo daidai da na ranar Asabar ɗin. Lauyan ya juya ta ko'ina bai sami ƙofa ba, aka ɗaure mutumin. Uwar tana gidan iyayenta aka kai mata labari. Sai da damina ta faɗi maigidan ya tura yayansa biko.