Takardar da Na Ɓoye a Aljihu

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin malamin dabbobi, kuma abubuwa da dama sun shuɗe daga ƙwaƙwalwata. Amma al'amarin karen wani maharbi na Wurma ba zai rabu da ni ba har in koma ga Mahaliccina.

Bayan na yi ritaya na zauna a gidana a Dutsin-Ma, mutanen karkara suka ci gaba da zuwa wurina. Likita suke kirana, ni kuwa ban taɓa gyara musu ba. Wata safiya wannan maharbi ya iso da jan karensa, wanda da shi yake farauta, shi ne kuma ke tsare masa awaki. Gyambo ne a wuyansa yana zubar da mugunya. Na tattare babbar rigata, na leƙa daga nesa don kada yawunsa ya taɓa ni, na yanke hukuncin allurar penisilin, kamar yadda aka koya mana a zamaninmu.

A lokacin jikata tana zaune a wurina, tana bincikenta na ƙarshe a jami'a kan ƙwayoyin cutar da ke kama karnuka. Ta sa safar hannu, ta durƙusa, ta dangwali mugunyar da auduga. Bayan kwana uku ta same ni a ƙofar gida cikin abokaina, riƙe da takarda.

"Alhaji, a canza allurar nan," in ji ta. "Ƙwayoyin da ke gyambon suna fitar da wasu sinadarai da ake kira enzayim. Wani yana narkar da nama don su kutsa ciki, wani kuma yana farfasa penisilin kafin ya yi aiki. Ruwa kawai kake ɗura masa."

Sai na fake da wasan kaka da jika. "Amarya, tun ba a haifi ubanki ba nake riƙe da sirinji."

Abokaina suka bushe da dariya. Ta yi murmushi ta ce, "To, angona, ka dai karanta."

Na karanta kuwa, bayan kowa ya watse, kuma na fahimta sarai, har da sunan maganin da ya dace. Wannan shi ne abin da ba ni da hanyar kare kaina a kansa: ba jahilci ne ya hana ni ba. Na ninke takardar na sa a aljihu, da niyyar in ƙara kwana biyu sannan in canza maganin a natse, kamar dabarar tawa ce. Kafin kwanakin su cika, ciwon ya ci wuyan ya shiga jini. Maharbin bai sake zuwa ba.

A kasuwar Kurfi muka haɗu. Ya durƙusa a gabana cikin jama'a.

"Likita, Allah Ya saka da alheri. Ka yi iya yinka, kwanansa ne ya ƙare."

Ya miƙo mini zabuwa. Takardar tana cikin aljihun rigar da ke jikina. Na sa hannu na karɓa, har na yi masa nasiha kan haƙuri.

Da na koma gida jikata ta dubi zabuwar, ta tambayi karen, na gaya mata. Ta kawo mini ruwa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo, kuma ranar ba ta kira ni ango ba.

Washegari na ɗauke ta muka tafi Wurma. Na mayar da zabuwar, na zaro takardar, na faɗa wa mutumin gaskiya a gaban 'yan'uwansa. Da na gama, sai ya juya ga jikata, ba gare ni ba.

"Malama, akwai ɗan kwikwiyo a baya, shi ma ya fara ƙuraje. Ko za ki duba mini?"

Ni na riƙe mata kwikwiyon, da hannuna, ban kuma tattare riga ba.

Tun daga ranar na san cewa ƙwayoyin cuta sun koyi sabuwar dabara a shekarun da ni na daina koyo. Na kuma san cewa kwana biyun da dattijo ya ɗauka yana lallashin girmansa, wani ne ke biyan su da rai.