Irin Dawar da Iya Ta Ba Ni Ajiya

Ina aji biyu na sakandare aka sauke 'yan gudun hijira a makarantarmu, kusa da Doguwa. Su suka shiga azuzuwa, mu muka koma karatu a gindin ɗorawa. A ajinmu, daidai inda bencina yake a da, wata dattijuwa ta shimfiɗa tabarma, ita da jikokinta mata uku. Kullum nakan durƙusa in gaishe ta, ban taɓa wuce gaisuwar ba.

Da farko motar gwamnati na kawo masu masara duk Juma'a. Sai ta fara tsallake mako. Ran nan wani jami'i ya tsaya a gindin tuta ya ce nauyin ya yi wa gwamnati yawa, a yi haƙuri. Har ya gama bai cire baƙin gilashinsa ba.

Washegari dattijuwar ta yafito ni. Ta zaro ƙullin tsumma daga ƙarƙashin tabarma, bai fi kwano ɗaya ba.

"'Yar nan, irin dawa ne, tun na kakan mijina. Shi kaɗai na fito da shi. Kai gidanku ki ɓoye, in yana kusa da ni dafawa zan yi. Ko na zo ina kuka kada ki ba ni. Kin ji?"

"To, Iya."

Na tura shi ƙarƙashin gadon Innata.

Motar ba ta sake zuwa ba. Na ga suna dafa rama ba ƙuli ba gishiri. Ƙaramar jikar, mai bin mu da ido in muna karatu, ta daina fitowa. Mu ma a gida sau ɗaya ake ɗora tukunya, ga shuka saura wata guda.

Bayan mako uku Iya ta zo ƙofar gidanmu.

"Kawo."

"Iya, ke kika ce…"

"Na san abin da na ce. Kin ga ina kuka? Kawo."

Na kawo. Ta kwance, ta ɗebi cikin tafin hannu ɗaya, ta ƙulle mini a bakin hijabi.

"In ruwa ya sauka, roƙi babanki layi ɗaya a gefen gona."

Ni da ban taɓa iya roƙon Baba ko fensir ba.

Washegari da hantsi muna gindin ɗorawa na ji daka daga ajinmu. Dakan bai daɗe ba. Malama na ta bayani, ni kuwa ina riƙe da ƙullin, ina ta maimaita yadda zan fara yi wa Baba magana.