Injin Yaya Mamman

Duk wanda ya zauna a layinmu na Rusaifa ya san ba ladan kaɗai ke tayar da mutane ba. Ana sallame asuba yayana Mamman zai shiga tsakar gida, inda kwale-kwalensa ke kan tayoyi da gindin injin a cikin duron ruwa, ya ja igiya. Tatatata! Hayaƙi har ɗakin maƙwabta. In an yi magana ya ce, "Inji kamar jaki ne, in bai motsa ba sai ya sangarce."

Na ce, "Yaya, a Makka? Garin da ruwan wanka ma sai mota ta kawo?"

Ya ce, "Kande, ke mace ce, ba ki san ruwa ba."

Ni da aka haifa a bakin kogin Yauri, ciki ɗaya da shi!

Mu Sarkawa ne, sana'ar su muka gada. Shi kuwa gyaran famfo ya kawo shi ƙasar nan, kuma tun da ya sauka ya rantse ba zai ci kifin da ba hannunsa ya kama ba. "Basarke ba ya sayen kifi," maganarsa ke nan. Shekaru sama da ashirin muna soya kifin kasuwa, shi yana can gefe da shinkafa gaya, ya juya mana baya. Amma ina kallonsa. Hancinsa bai rantse ba.

Jirgin a kasuwar tsofaffin kaya ta Jidda ya saye shi. Ranar da ya ɗaura injin ya ɗaure shi da noti, ya tsaya ya duba, hankalinsa bai kwanta ba, ya kira mai walda ya narke kan notin gaba ɗaya. Mai waldan ya ce, "Ya Hajji, in ka so cirewa fa?"

Ya ce, "Wa ya ce maka zan cire? Ɓarawon da ke son injina sai ya ɗauki jirgin, mai ɗaukar jirgin kuma sai ya haɗa da ni."

Kun tuna shekarar da aka yi ruwan nan har motoci suka yi iyo a titi? Kowa na kwashe katifa, Yaya ya ɗauko lema ya shige jirgi ya zauna, yana cewa, "Yau za a san masu jirgi a unguwar nan!" Ruwan ya kai idon sawu ya janye. Ya fito yana tsaki, wai ruwan Makka ba shi da alkawari.

Zuwa teku kuwa, kullum da dalili: yau babu mota, gobe iska, jibi aikin alhazai ya taso. Ni na san gaskiyar. Tsoro yake ji kada ya je ya tarar hannunsa ya manta. Da na ga ƙafarsa ta fara kumbura, tsufa ya kama shi, na ce masa, "Yaya, so kake ka mutu ba ka ƙara cin kifi ba? Me za ka ce wa Baba?" Ranar Juma'a ya sa Sani, mijin 'yarsa, ya kawo motar ɗaukar kaya. Na ce da ni za a je, don in ban gani da idona ba zai dawo ya ce kifin ya fi jirgin girma.

Muka nufi wajen Shu'aiba, wani lungun ruwa mai itatuwa da aka ce kifi na kwana a ciki. Mai gadin wurin ya leƙa bayan mota ya ɗaga hannu.

"Mamnu'! Injin fetur ba ya shiga nan, yana korar kifi. Sai na batir."

Yaya ya ce, "To ba zan tayar ba."

"Cire shi, ya Hajji."

"Zan rufe shi da bargo."

"Cire shi."

"Wallahi ko fetur babu a ciki!"

Mai gadin ya ce ko zamzam ne a ciki, sai an cire.

Jama'a, ku zo ku ga sifana a kan notin da aka yi wa walda! Yaya ya zuba kananzir, ya zuba lemon kwalba, ya buga da guduma, ya karanta abin da ya sawwaƙa. Sani ya ce, "Baba, ai kai ka ce ko ɓarawo ba zai iya ba."

Ya ce, "Rufe mini baki! Ai ga shi ka ga aiki ya yi kyau."

Rana ta take. Na ce mu koma gida kawai. Ya dube ni, ya dubi ruwan, ya daɗe yana dubansa. Sai ya buɗe akwatin aikinsa ya zaro zarto. Ya yanke bayan jirgin, shi da injin da notin, gaba ɗaya, jirgi ya koma kamar bakin tsohuwa mai giɓi. Ya toshe wurin da murfin kular abincina, ya ɗaure da igiya.

Mai gadi ya ce, "Ina na batir ɗin?"

Yaya ya jawo filafilin da ya zo da shi daga Yauri, wanda ya yi shekaru muna tokare ƙofa da shi. Ya ce, "Ga batir ɗin ubana." Ni kuma ya ce in zauna a kan injin kada a sace. Na zauna. Hajiya guda da jikoki, a kan inji, a bakin teku!

Daga nan na ga ya tura jirgin, ya sa filafili sau ɗaya, kafaɗarsa ta faɗa daidai yadda ta Baba ke faɗawa. Na ja mayafi na rufe fuska, na ce wa Sani iska ce.

Kifi ɗaya ya kama da fatsa, bai fi tafin hannuna ba. Ya hana kowa taɓawa, shi ya soya da kansa, ya raba wa duk gidan, kowa ya sami abin da bai cika haƙori ba. Shi ya ci kan. Ya tsotse ƙayar ya ce, "Kun ji bambanci?" Muka ce mun ji.

Bai sake tayar da injin ba, bai kuma ga wani azumin ba. Injin yana nan a tsakar gida da guntun jirgin manne a jikinsa. Masu gyara sun gwada, notin ya ƙi.

Allah ya jiƙanka Yaya, ya yafe maka hayaƙin da ka shaƙa wa maƙwabta. Allah ya saukar da kai inda ƙoramu ke gudana, inda babu mai gadin da zai ce ka cire komai. Amin.