Takardar da Ta Ce 'Yata Namiji Ce

Ni tela ne a Garwa. Ina da shekara arba'in da bakwai na fara zuwa ajin manya, wanda ake yi bayan la'asar a wata firamare kusa da unguwarmu idan yara sun tashi. Bencinan na yara ne, kullum gwiwata tana dukan ƙarƙashin tebur. Lambobi na san su tun ina yaron shago, tef ɗin awo ya koya mini. Haruffan Faransanci ne ban sani ba. Maƙwabcina a layin teloli, da ya ga na rufe keke na ɗauki jaka, sai ya ce ga ɗan makaranta mai furfura zai tafi, a gaishe da madam, kada a cinye alli. Nakan ce masa za ta ji, in wuce.

Wata Laraba madam ɗin da ke koya mana ta zo da 'yar lasifika ta ce yau ba rubutu, saurare za mu yi. Shirin murya ne mai tsawo, kusan awa guda, rabi Faransanci rabi Fulatanci. Wata 'yar jarida ce ta bi sawun yaran da ke kai wa ajin ƙarshe na firamare amma ba sa rubuta jarrabawar fita, don ba su da takardar haihuwa. Bai yi kama da labaran rediyo ba. Kana jin ƙarar babur ɗin da ta hau, da carar zakara, da ƙofar ofis idan an turo ta. Ta je ƙauyukan wajen Kayele, ta hau har Mokolo. Wani tsoho ya gaya mata cewa a zamanin iyayensu ɓoye jariri ake yi idan mai rubutu ya shigo gari, don duk wanda aka rubuta haraji zai biyo shi, kuma tsoron bai gama fita daga wasu gidaje ba. Can kusa da ƙarshe ta ce akwai kuma masu takarda a hannu, amma da kuskure a ciki, ba sa sani sai ranar da aka dawo musu da ita.

Na saurara hankalina kwance. 'Ya'yana duk suna da tasu, a naɗe cikin leda a ƙasan akwatin ƙarfe. Duk da haka na roƙi madam ta tura mini shirin a waya, na riƙa kunna shi ina ɗinki. A saurare na uku ko na huɗu na lura da yadda matar take tambaya. Idan ma'aikaci ya ce mata ta dawo gobe, ba ta gardama. Sai ta tambaye shi ƙarfe nawa, kuma wa za ta nema, daga nan ta yi shiru. Shirun yakan yi tsawo har in ɗaga waya in duba ko caji ya ƙare. Sai ka ji kujera ta yi ƙara, mutumin ya gyara murya, ya faɗi abin da ya sa aikin bai yiwu ba tun farko.

A makon ne madam ta koya mana kalmomin da ake rubuta namiji da mace da su a takardun gwamnati, ɗaya tana farawa da M, ɗaya da F. A makon ne kuma 'yata ta biyu, wadda ke ajin ƙarshe, ta zo da saƙon darakta, shugaban makarantarsu, cewa a fara haɗa takardun jarrabawa. Ranar Juma'a bayan masallaci na fito da takardar haihuwarta zan kai a yi fotokofi. Na ce bari in gwada karatuna a kai. Na bi da yatsa, na sami sunana, na sami na mahaifiyarta, na ji daɗi. Da na iso layin da ake cewa namiji ne ko mace, F nake nema, sai na ga M. Na karanta sau uku. Na kira yarinyar na miƙa mata. Ta karanta, ta fashe da dariya, sai dariyar ta tsaya.

"Baba, za su bar ni in rubuta?"

Na ce za su bari. Uwarta ta ce shekara goma sha ɗaya muna tsare takardar nan daga gara da ruwan sama, ashe ƙarya take mana a ƙasan akwati.

Na tuna yadda abin ya faru. Ranar da na je rubuta haihuwarta, mai rubutun ba ya jin Hausa, ni kuma Fulatancin kasuwa ne da ni. Na ce masa ɓingel am, kalmar da ba ta raba ɗa da 'ya. Sunan yarinyar bai saba jin irinsa ba, bai tambaya ba, ni ma na dangwala yatsa na yi godiya na tafi.

Darakta ya ce ba zai iya tura hoton yarinya da ɗankwali tare da takardar namiji ba, dawo da su za a yi, shekararta ta tafi. Gyara sai kotu, kotu kuma sai da kofin shafin babban littafin da aka rubuta ta a ciki, wanda ke ofishin magajin gari. Ya ce ina da wata biyu kafin ya rufe karɓar takardu.

Sau uku ina zuwa ofishin, sau uku ana ce mini gobe. Ma'aikacin ba mugu ba ne. Takardu sun taru a bayansa har kusa da silin, fanka ba ta juyawa, ga zafin Garwa. Duk zuwa nakan ce to shef, yadda ake kiran ma'aikaci a nan, na gode, Allah ya kai mu, in koma shago na rasa ɗinkin safiya. Mako biyu suka tafi a haka. Ran zuwa na huɗu na sake kunna shirin a hanya, daidai wurin da matar take tsaye a gaban tebur irin na wannan ma'aikacin.

Da layi ya zo kaina, ko ɗaga kai bai yi sosai ba. Da Fulatanci muke magana.

"Baba, ka dawo gobe."

"Ƙarfe nawa, shef? In ban same ka ba, wa zan nema?"

Na ajiye takardar a gabansa, na ɗora yatsa a kan kalmar, na rufe bakina. Ban san shiru yana da wuya haka ba. Mu an tashe mu ne a kan kada a bar magana a rataye, ka ce ba komai, ka yi addu'a, ka ba mutum hanya. Harshena yana ta neman ya ce Allah ya kai mu, na danne shi. Don kada in kalli idonsa ya zama rashin kunya, na kafa ido a aljihun rigarsa, na ga telan da ya ɗinka ya karkata layi, na shiga ƙirga ɗinkin ɗaya bayan ɗaya. Wata mata a bayana ta yi tsaki. Ban motsa ba.

Ya cire tabarau ya duba inda yatsana yake. Ya tambaye ni wa ya nuna mini kuskuren. Na ce ni na karanta. Sai ya ce littattafan waccan shekarar suna ɗakin baya, makullin kuma yana hannun wata abokiyar aikinsa da ke zuwa Talata da Alhamis da safe kawai. Ashe duk zuwan da na yi ban taɓa dacewa da ranar makulli ba. Ya yagi 'yar takarda ya rubuta rana da lokaci. Na karanta a gabansa a hankali, ya gyara mini furucin kalmar Alhamis, na maimaita.

Ranar Alhamis aka buɗe ɗakin, na sami shafin. A kotu an nemi shaidu, maƙwabcina na layin teloli ya rufe shagonsa ya biyo ni. Ya gaya wa alƙali cewa shi ya ci naman ragon sunan yarinyar nan, kuma da kunnensa ya ji liman ya ce mace aka samu. Alƙalin ya dubi takarda, ya dubi 'yata da ke tsaye tana murza gefen hijabi, ya tambaye ni ko na tabbata ban ɗauko yaron wani gida ba. Mutane suka yi dariya, ya sa hannu.

Ranar da sabuwar takardar ta fito, shef ya miƙo mini ya kira na gaba. Ban matsa ba. Na fara daga layin farko da yatsa. Ya ce Baba mutane suna jira, na ce su yi haƙuri kaɗan, waccan ma don na yi sauri ne. Na karanta har hatimi, sannan na naɗe ta. Saura kwana uku darakta ya rufe na kai masa.

Bayan wasu makonni aka liƙa sunayen masu jarrabawa a bangon makaranta. Muka je tare da ita da safe. Ta riga ni isa, na ce kada ta nuna mini. Takarda huɗu ce, rubutun ƙanana, rana tana dukan ƙeyata. A ta uku, kusa da ƙasa, na sami sunanta, na ja yatsa zuwa gefe na ga F. Ta ce tun ɗazu ta gani, kuma bironta ya kusa ƙarewa, rula ma ta karye. Muka bi ta kasuwa kafin in buɗe shago.